Wutar da ke ci a tsakiyar teku: ina ruwan Kumasi da ita?

Da damina ta kankama, gida-gida a unguwannin Aboabo da Asawase da Sabon Zongo na Kumasi za ka ga an jera bokitai da durorin roba a ƙarƙashin indararo. Famfo ba kullum yake kawo ruwa ba, ruwan leda kuma kuɗi ne, don haka abin da sama ta zubo ba a barinsa ya bi kwata. To a 'yan shekarun nan, duk sa'ad da rediyo ya kawo labarin cewa kamfanonin mai sun ƙona gas mai yawa a tekun Jihar Yamma ta Gana, sai magana ta tashi a majalisun shayi. Wani ya ce hayaƙin ne ke sa kwanon rufi yin tsatsa da wuri, wani ya ce shi ya ɓata kogin Pra da Ankobra, wani kuma ya ce duk surutu ne na 'yan boko, tunda wutar tana can inda ko gaɓar teku ba a hangowa. Kowane daga cikinsu ya riƙe wani yanki na gaskiya, sai dai an cuɗa abubuwa uku da hanyarsu ba ɗaya ba: ƙona gas, malalar ɗanyen mai, da galamse, wato haƙar zinariya ta bayan fage.

Abin da ake ƙonawa

Ɗanyen mai ba ya fitowa daga ƙarƙashin ƙasa shi kaɗai. Akwai gas a narke a cikinsa, kamar yadda iska take a ɓoye cikin kwalbar lemo kafin a buɗe murfi. Da man ya hau sama matsi ya ragu, sai gas ɗin ya rabu da shi. Daga nan mai rijiya yana da zaɓi huɗu: ya tura shi ta bututu zuwa inda za a tace a sayar, ya yi amfani da shi wajen kunna injinansa, ya danna shi ya koma cikin rijiya, ko ya kai shi kan wani dogon bututu ya cinna masa wuta. Wannan na ƙarshen shi ne ƙona gas.

Akwai na biyar da ya fi muni, wato a sake shi cikin iska ba tare da wuta ba. Mafi yawan gas ɗin metan ne, kuma metan ya fi iskar kabon riƙe zafin rana fiye da sau 80 idan aka auna a tsawon shekara 20. Saboda haka injiniyoyi ba su yi ƙarya ba idan suka ce ƙonawa ta fi saki. Haka kuma babu wurin haƙar mai da za a gina ba tare da wannan bututun wuta ba, domin idan matsi ya yi yawa ko inji ya tsaya farat ɗaya, dole gas ya sami mafita, in ba haka ba wurin ya fashe da ma'aikata a ciki. Wannan ƙonawar ta tsaro ce, ba kuma a kanta ake jayayya ba. Rigimar tana kan ƙonawar yau da kullum, wadda ake yi don kawai ba a tanadi inda za a kai gas ɗin ba.

Bankin Duniya, wanda ke ƙidaya waɗannan wutace ta tauraron ɗan adam, ya ce a 2024 an ƙona kubik mita biliyan 151 a duniya, adadin da ba a ga irinsa ba tun 2007. Ƙasashe tara ne ke da kusan kashi uku cikin huɗu na wannan: Rasha, Iran, Iraƙi, Amurka, Benezuwela, Aljeriya, Libiya, Meziko da Nijeriya. Gana ba ta cikinsu, ko kusa.

Alkawarin farko da abin da ya biyo baya

An gano man filin Jubilee a 2007, kimanin kilomita 60 daga gaɓa, aka fara ɗiba a Disamban 2010 da wani katafaren jirgin ruwa mai tacewa da ajiya da aka sa wa sunan Kwame Nkrumah. Kafin digon farko ya fito, gwamnati ta yi ta nanata cewa Gana ba za ta bi sawun Nijeriya ba, ba za a riƙa ƙona gas a nan ba. Matsalar ita ce an fara fitar da mai alhali masana'antar da za ta karɓi gas ɗin ba a ko kafa harsashinta ba. Sai a 2011 aka kafa kamfanin Ghana Gas, kamfanin Sinopec na ƙasar Sin ya gina masana'antar Atuabo a gundumar Ellembelle, gas ya fara isa can a ƙarshen 2014, aka yi bikin buɗewa a 2015.

A cikin waɗannan shekaru huɗu, kamfanin Tullow mai gudanar da filin ya yi ta mayar da gas cikin rijiya har aka fara fargabar matsin zai lalata ta. A 2014 hukumomi suka ba da izinin ƙonawa na wani lokaci, don kada a rage fitar da mai. Abin lura, a daidai wannan lokacin ne ƙasar take cikin dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, bayan da angar wani jirgi ta fasa bututun gas na Afirka ta Yamma a gaɓar Togo a 2012. Teloli da masu walda da masu sayar da ƙanƙara suna zaune babu wuta, makamashin da zai iya kunna injinan lantarki na Aboadze kuma yana cin wuta a teku.

Daga baya filin TEN ya fara aiki a 2016, Sankofa na kamfanin Eni ya bi a 2017. Masana'antar Atuabo kuwa ƙarfinta kubik fit miliyan 150 ne a rana, bai ƙaru da ƙaruwar rijiyoyi ba. Duk ranar da aka rufe ta don gyara, ko tashoshin lantarki suka kasa karɓar abin da aka turo musu, ragowar ko dai ta koma rijiya ko ta hau bututun wuta.

Daga harshen wuta zuwa cikin randa

Da gas zai ƙone ƙurmus, ba abin da zai rage sai iskar kabon da tururin ruwa. Amma wutar da ke kan buɗaɗɗen bututu, iska tana kaɗa ta, ba ta ƙonewa haka. An daɗe ana lissafi da cewa tana cinye kashi 98 cikin 100 na metan. Wani bincike da aka wallafa a 2022 kan manyan filayen man Amurka ya gano abin bai wuce kashi 91 ba, har da wasu bututan da wutarsu ta mutu gas yana ta fita ba a sani ba. Abin da bai ƙone ba yana fita ne tare da kunkunniya, irin baƙin da ke manne wa gindin tukunya, da sinadarai irin su benzin wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini. Zafin wutar yana haɗa naitirojin da oksijin na cikin iska, idan kuma gas ɗin yana da farar wuta a cikinsa ita ma ta fito a hayaƙi.

Waɗannan biyun na ƙarshe su ne uwar abin da ake kira ruwan asid. Ana auna tsamin ruwa da ma'aunin pH: 7 tsaka-tsaki ne, ruwan lemon tsami yana wajen 2, ruwan sama na ƙalau kuma yana kusan 5.6, domin ko da babu masana'anta ko ɗaya yakan ɗebi ɗan tsami daga iskar kabon. Kowane mataki ɗaya da aka sauka, tsamin ya ninka sau goma ke nan. Idan hayaƙin farar wuta da na naitirojin suka haɗu da danshin girgije, sai ruwan ya sauko ƙasa da 5.6. Ba zai ƙona fata ba, kuma wanda ya sha ba lalle ya ji bambanci a baki ba. Ɓarnarsa a hankali take. Yana cin tutiyar da aka shafe kwanon rufi da ita, yana narkar da darma daga tsofaffin bututai da fenti, duk su gangara cikin duro. A gona yana wanke sinadaran da shuka ke ci. A ƙananan tafkuna da fadamu yana sakin alminiyam daga ƙasa, wanda ke toshe wa kifi hanyar numfashi, ƙwai da ƙananan kifaye su fara mutuwa kafin manya.

Inda aka fi ganin wannan a yankinmu shi ne Neja Delta, domin a can wutar tana kan tudu, wani lokaci a bayan gidajen mutane. Akwai garuruwan da dare ba ya yi musu duhu, mata suna shanya rogo a kusa da wutar saboda zafinta, abin da ke sauka daga hayaƙin kuma yana sauka a kan abincin. Mazauna wurin sun daɗe suna kukan kwanon rufi ba ya daɗewa, ruwan sama yana barin baƙi a gindin bokiti. Nijeriya ta yi doka tun 1979 da ta sa 1 ga Janairun 1984 a matsayin ranar dainawa. A Nuwamban 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke, a ƙarar da Jonah Gbemre ya kai Shell da kamfanin man Nijeriya NNPC a madadin mutanen Iwherekan, cewa ƙona gas take haƙƙin rayuwa ne. Wutar ba ta mutu ba. A 2018 aka ɗaga tara zuwa dala 2 a kan kowane kubik fit dubu ga manyan kamfanoni.

Ko a can ɗin ma sai an yi hattara da abin da ake jingina wa wutar. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 kan ƙasar Ogoni ya sami benzin a rijiyoyin sha na Nisisioken Ogale har ninki 900 na iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, amma wannan daga man da ya tsiyaya cikin ƙasa ne, ba daga hayaƙi ba. Baƙar ƙurar da ta rufe Fatakwal tun 2016 kuma an fi danganta ta da matatun bayan fage. Sannan man yankin, na Nijeriya da na Jubilee, ba shi da farar wuta mai yawa, abin da ya sa wasu masana ke ganin gishirin iskar teku yana da nasa kaso a tsatsar kwano. Kan lafiyar makwabtan wutar kuwa hujja ta fi ƙarfi: a kudancin Texas, wani bincike na 2020 ya nuna matan da ke da ciki a tazarar kilomita 5 daga inda ake yawan ƙonawa sun fi sauran fuskantar haihuwar bakwaini da kusan kashi 50 cikin 100.

Teku ba kududdufi ba ne

Babban bambancin Gana shi ne manyan wutacenta suna tsakiyar teku. Ruwan teku yana wajen 8.1 a ma'aunin pH, yana kuma da gishirin da ke kashe tsami, don haka asid ɗin da ya sauka a kansa ba ya yin abin da zai yi wa rafi. Wannan bai wanke wutar ba. Idan na'urar da ke raba gas da ruwan mai ba ta aiki daidai, ɗigon mai da bai ƙone ba yakan zubo ya yi maiƙo a saman ruwa. Iska kuma a mafi yawan shekara daga kudu maso yamma take busowa, wato daga teku zuwa tudu, ban da 'yan watannin hunturu. Yankin da take fara taɓawa, wajen Axim da ƙasar Nzema, shi ne ya fi ko'ina samun ruwan sama a ƙasar nan. Tafiyar kilomita 60 tana tsinka hayaƙi ƙwarai. Wadda ba ta da wannan tazarar ita ce wutar tsaro ta masana'antar Atuabo, wadda take kan tudu, ba nisa da dausayin Amansuri inda ƙauyen Nzulezo yake tsaye a kan ruwa. Irin wannan ruwa mara gishiri, wanda ba ya gudu sosai, shi ya fi saurin jin canji, kuma a nan ne awo na kai-a-kai ya fi ma'ana.

Masunta kuwa kukansu na wani abu ne dabam. Haske yana jan kifi. Wannan tsohon sani ne, shi ya sa ma dokar Gana ta hana kamun kifi da fitila. Jirgin haƙar mai, da wutarsa da fitilunsa, ya zama fitilar da ba ta mutuwa, kuma an shata mita 500 kewaye da shi da ba a yarda kwalekwale ya shiga ba. Masuntan Axim da Dixcove da Shama suna cewa kifin ya taru inda aka hana su zuwa. Kamfanoni da sojojin ruwa suna cewa kwalekwale mai injin fetur da murhun girki a kusa da gas haɗari ne ga kowa. Duka biyun gaskiya ne. Inda hujjar masunta ta yi rauni shi ne ciyawar teku mai ruwan ƙasa da ta fara cika musu koma a 2011: ta zo daidai da fara haƙar mai, amma a shekarar ta mamaye gaɓar tsibiran Karibiyan ma, masana kuma sun bi sawunta zuwa tsakiyar Atlantika. Raguwar kifin amane da danginsa, wanda mai waakye da mai kenke a Kumasi suke ji a farashin kwando, masana harkar su sun fi ɗora ta a kan yawan kamu, kamu da fitila, da saiko, wato cinikin kifin da manyan jirage ke sayar wa masu kwalekwale a tsakiyar teku.

Doka ta hana, amma ta bar ƙofa

Dokar man fetur ta 2016, mai lamba 919, a sashe na 33 ta hana ƙonawa ko sakin gas sai da izinin Hukumar Man Fetur bayan ta tuntuɓi hukumar kare muhalli. A kan wannan izinin ne ra'ayoyi suka rabu.

Kamfanoni suna cewa ba su da riba a ƙona abin da za su iya sayarwa. Hujjarsu ita ce bututu da masana'anta da tashoshin lantarki ba a hannunsu suke ba, kuma rijiya tana da iyakar gas ɗin da za ta iya karɓa. Sukan tuna cewa abokan haɗin gwiwar Jubilee sun ba ƙasa kubik fit biliyan 200 na farko kyauta. Tullow ya yi alkawarin daina ƙonawar yau da kullum zuwa 2025. Gwamnati, kowace jam'iyya ce a kai, tana tsakanin wuta biyu: idan ta hana izini dole a rage fitar da mai, kuɗin shiga ya ragu, idan ta bayar, ta karya maganarta. Ga kuma bashin da ya dabaibaye harkar lantarki, inda kamfanin rarrabawa ba ya tara abin da zai ishi masu samarwa, su kuma su kasa biyan masu gas.

A ɗaya gefen akwai PIAC, kwamitin da dokar kuɗin mai ta 2011 ta kafa don sa ido, wanda rahotanninsa ke nuna adadin da aka ƙona a kowane fili, da ƙungiyoyi masu zaman kansu irin su ACEP mai nazarin harkar makamashi. Abin da masu wannan ra'ayi ke cewa shi ne izinin wucin gadi da ake sabuntawa kullum ya daina zama na wucin gadi, kuma muddin ƙonawa ta fi arha a kan gina wurin karɓa, ba wanda zai yi gaggawa. Tarihin Nijeriya yana goyon bayan wannan magana, shekara arba'in bayan wa'adin 1984. Sai dai tara ita kaɗai ba ta shimfiɗa bututu, kuma a Gana wanda za a ci tarar ba shi ne wanda ya yi jinkirin ginin ba.

Ruwan Barekese da Owabi

Famfon Kumasi daga madatsun Barekese, a kan kogin Offin, da Owabi yake zuwa. Tsakanin birnin da filin Jubilee ya fi kilomita 200. Wanda ya ce wutar teku ce ta sa ruwan koguna ya koma kalar koko, ya yi kuskuren adireshi. Wannan aikin galamse ne: laka da ake tayarwa da injin haƙar zinariya da ake kira chanfan, da zaibar da ake kama zinariya da ita. A 2024 kamfanin ruwa na ƙasa ya bayyana cewa dagulewar ruwan Pra a matatar Sekyere Hemang ta kai 14,000 a ma'aunin da aka gina matatar ta ɗauki 2,000. Owabi kuma abin da ke damunta gine-gine ne da suka ci dajin da ke kare ta, da sharar da rafukan cikin gari ke kwaso mata.

Baƙin da ake gani a gindin duro bayan ruwan farko ma na gida ne: hayaƙin trotro, ƙona shara da roba, baƙin mai da ake ƙonawa a wuraren kanikawa, da tayoyin da wasu mahauta ke babbake fatar wele da su. Dangin sinadaran da ake tsoro a hayaƙin gas suna cikin hayaƙin taya, kuma wannan a ƙofar gida yake. Haka kifin banda: mafi yawan abin da ake samu a jikinsa daga murhun bandar ne, dalilin da ya sa aka ƙirƙiro murhun Ahotor don rage hayaƙin da ke taɓa kifin. Mai tara ruwan sama zai rage wa kansa da yawa idan ya bar zubin farko ya wanke rufi ya tafi kafin ya tara. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire darma ko tutiya.

Hanyar da take bi ta iso

Ta aljihu wutar teku take shigowa Kumasi. Tun Afrilun 2024 akwai tashar lantarki mai aiki da gas a Anwomaso, injinan AMERI ne da aka ɗauko daga Aboadze, megawat 150 a zangon farko, gas ɗinsu kuma ta bututu yake zuwa daga yamma. Duk lokacin da gas ya yi ƙaranci a ƙasar, tashoshin da ke iya juyawa sai su koma ƙona man da ake saye da dala, wanda ya fi tsada ya kuma fi hayaƙi, bambancin kuma yana ƙarewa ne a kan mita ko a cikin haraji.

Sai tukunyar girki. Atuabo tana cire gas ɗin silinda daga abin da aka turo mata, kuma tana samar da kaso mai tsoka na wanda ake amfani da shi a ƙasar. Abin da aka ƙona a teku ba ya bi ta nan. Idan silinda ta gagara, mai tuwo da mai koko da mai suya gawayi suke komawa, manyan motoci su ci gaba da sauko da buhuna daga wajen Kintampo da Atebubu. Ƙasar da aka sare wa itatuwa ba ta riƙe ruwan sama, laka take turawa cikin rafi. Gwamnati ta sa wa kanta burin rabin jama'a su koma girki da gas zuwa 2030, shekarar da shirin Bankin Duniya na 2015 shi ma ya sa don kawo ƙarshen ƙonawar yau da kullum. Masana'anta ta biyu da za ta taimaka wa Atuabo, gwamnatin Akufo-Addo ta yi maganarta, ta Mahama ma ta sake ɗaukowa a 2025. Kafin ta tsaya da ƙafarta, ragowar gas ɗin da ya wuce kubik fit miliyan 150 a rana hanya biyu ce a gabansa daga Jubilee da TEN: rijiya, ko takardar izini daga Hukumar Man Fetur.